AKWATIN WASIƘA NA MA'AIKATA NE, MABUƊI KUWA AMANA

Ranar da aka canza ma ma'aikaci wurin aiki, aka ɗauke shi daga Yamai aka kai shi Tawa ko Damagaram, akwai al'adar da kowane ofis ya sani. Shi da magajinsa za su zauna gaban shugaba, a ƙidaya kujeru da tebura, a duba kabad, a miƙa hatimi da mabuɗai, kowa ya sa hannu ga takarda. Sai bayan mako biyu ko uku magajin zai gane akwai abin da ba a miƙa mashi ba. Wani ɗan kwangila ya zo yana cewa tun bara aka amsa mashi an yarda da farashinsa. A duba kabad, babu takarda. A duba littafin wasiƙu masu fita, babu lamba. Ashe amsar ta tafi ta imel ne, kuma ta fita daga akwatin da tsohon ma'aikacin ya buɗe ma kansa a Gmail ko Yahoo tun yana ɗan lakwal. Mutumin bai saci komi ba, amma ga wasiƙun ofis na shekara biyar cikin aljihunsa a wani gari.

A zamanin da wasiƙa ke tafiya da tambur kaɗai, da wuya a ga haka. Ma'aikata tana da akwatinta mai lamba a gidan waya, wanda ake rubutawa B.P. a saman takardunta. Mabuɗin yana hannun ɗan aike ko sakatare, kuma kowa ya san aro ne: ranar da ya bar aiki sai ya aje shi. In wasiƙa ta iso, a buga mata hatimi da kwanan wata, a shigar da ita littafin masu shigowa, kana a kai ma wanda ta shafa. Yau wasiƙu da yawa na kamfanoni, da bankuna, da ƙungiyoyi, da ma'aikatun gwamnati sun koma imel, amma ƙa'idar tana nan yadda take. Akwati na ma'aikata ne, ma'aikaci mabuɗi aka ba shi. Ana tabbatar da wannan ƙa'ida, ko kuwa a karya ta, a ƴan mintocin da ake buɗe ma sabon ma'aikaci akwati a haɗa shi da kwamfutarsa da salularsa. Shi ya sa bai kamata a bar wannan aiki ga mai gyaran na'ura shi kaɗai ba. Ya dace shugaba da sakatare da mai akwatin su san abin da ake yi.

GIDAN WAYA A CIKIN NA'URA

A shekarar 1971 ne wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta hanyar sadarwar da ake kira ARPANET. Shi ne ya zaɓi alamar @ don ta raba adireshi biyu. Abin da ke hagunta sunan mai akwati ne, abin da ke damanta kuwa sunan gidan da akwatin yake. Baƙaƙen ƙarshe sau da yawa suna nuna ƙasa: .ne ta Nijar ce, .ng ta Najeriya, .ml ta Mali, .td ta Cadi. Ma'aikatun gwamnatin Nijar da dama sunansu yana ƙarewa da gouv.ne.

Gidan da akwatunan suke wata babbar kwamfuta ce wadda ba a kashe ta dare da rana. Ana ce mata uwar garke. Wata ma'aikata tana aje tata a ɗaki mai sanyi cikin gininta, ta sa mata manhajar Exchange ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 1996, ko Zimbra, ko Postfix da Dovecot waɗanda ake samu kyauta. Wata kuma tana hayar wuri ne wajen Microsoft ko Google ko wani mai ba da haya, tana biya kowane wata bisa yawan akwatuna. Ko wanne aka zaɓa, sunan da ke dama da alamar @ na ma'aikata ne, ita ce kuma ke da ikon buɗe akwati da rufe shi.

Manhajar da ma'aikaci ke karanta wasiƙu da ita, kamar Outlook ko Thunderbird ko wadda ke zuwa cikin salula, ita ce a matsayin ɗan aike: tana zuwa wurin uwar garke ta karɓo, ta kai. Akwai ƙa'idodi uku da suke magana da su. Ta farko SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982. Ita ce motar gidan waya, aikinta fitar da wasiƙa. Ta biyu POP, wadda ta fara a 1984, sigarta ta uku ta fito a 1988. Ta uku IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a jami'ar Stanford a 1986. Waɗannan biyu na ƙarshe aikinsu ɗauko wasiƙar da ta iso. Wanda ya riƙe wannan rabon aiki ya riƙe rabin maganar: hanyar fita dabam, hanyar shiga dabam, kuma kowace sai an saita ta.

ABIN DA MAI KULA DA UWAR GARKE KE YI

Akwati ba ya buɗuwa da magana ta baki a bakin ƙofa. Ofishin kula da ma'aikata ne ke rubuta ma mai kula da uwar garke takarda, mai ɗauke da sunan sabon ma'aikaci, da sashensa, da muƙaminsa, da ranar da aikinsa zai ƙare in na wucin gadi ne. Wannan takarda ita ce asalin akwatin. Ita za a nema ranar da aka tambaya wa ya ba wane izini.

Sai zaɓen suna. Ya kamata ma'aikata ta tsai da ƙa'ida ɗaya ga kowa, misali sunan yanka, ɗigo, sunan uba. Da yake a ofis ɗaya ana iya samun Ibrahim uku ko Hadiza biyu masu uba mai suna ɗaya, tilas ƙa'idar ta faɗi abin da za a ƙara ma na biyu, ko baƙi ko lamba, tun kafin rigimar ta taso. Sunan da aka taɓa ba wani kuma ba a sake ba wani shi, don kada wasiƙun tsohon su faɗa hannun sabon.

Akwai abin lura game da baƙaƙen Hausa. An gina tsarin imel ne bisa baƙaƙen Ingilishi, saboda haka a cikin adireshi ba a sa ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, haka nan ba a sa é ko è na Faransanci, domin na'urori da yawa ba su karɓarsu a wurin. Mai suna Ƙasimu za a rubuta mashi kasimu a adireshi. Amma a gurbin sunan da mai karɓa ke gani, da cikin jikin wasiƙa, baƙaƙe masu lanƙwasa suna wucewa lafiya, albarkacin ƙa'idar MIME ta 1992, wadda kuma ita ce ta ba da damar liƙa takarda ko hoto ga wasiƙa. Babu dalilin da za a ɓata ma mutum suna a inda na'ura ba ta tilasta ba.

Bayan akwatin mutum akwai akwatin muƙami, kamar na sakatariya, ko na sashen kuɗi, ko na darakta. Shi ne ya fi kama da B.P. na da, domin mutane suna zuwa suna wucewa shi yana nan, kuma shi ya dace a buga a saman takardu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a raba ma mutum biyar kalmar sirri ɗaya. In wasiƙa ta ɓace ko aka aika wadda ba ta dace ba, ba za a san ko wane ne ba, kuma in ɗaya ya bar aiki mabuɗi ya tafi da shi. Hanyar da ta dace ita ce kowa ya shiga da mabuɗinsa, uwar garke ta ba shi izinin leƙa akwatin muƙamin, ta kuma riƙa rubuta sawun kowa.

Mai kula yana kuma yanka ma akwati iyakar abin da zai ɗauka, da iyakar nauyin wasiƙa ɗaya. Gmail, alal misali, ba ya fitar da abin liƙe da ya wuce mega 25. Ya kamata a san cewa takarda in aka liƙa ta ga wasiƙa nauyinta yana ƙaruwa da wajen kashi ɗaya cikin uku a hanya, shi ya sa mai mega 20 ke iya dawowa daga gidan da iyakarsa 25. Daga nan sai ya zaɓi hanyoyin da za a buɗe ma wannan akwati: ta IMAP, ko ta POP, ko ta salula, ko ta shafin intanet na ma'aikata. Hanyar da ba a bukata a bar ta rufe. A ƙarshe ya ba ma'aikaci kalmar sirri ta wucin gadi hannu da hannu, wadda na'ura za ta tilasta mashi canzawa a shigarsa ta farko. Daga ranar nan ko mai kula bai san ta ba, kuma ba ya bukatar saninta.

HAƊA AKWATI DA KWAMFUTA

Sa'ad da aka buɗe Outlook ko Thunderbird don ƙara akwati, abu shida manhajar ke nema. Na farko, sunan da za a riƙa gani. Na biyu, adireshin. Na uku, sunan uwar garke ta shiga, wanda sau da yawa yake farawa da imap ko mail. Na huɗu, sunan uwar garke ta fita, mai farawa da smtp ko mail. Na biyar, sunan shiga da kalmar sirri. A gidaje da yawa sunan shiga shi ne adireshin duka har da abin da ke bayan @. Na shida, lambar ƙofa da irin kullin da za a yi ma wasiƙa.

Uwar garke tamkar gida ce mai ƙofofi da yawa, kowace da lambarta da aikinta. Ƙofar IMAP mai kulli ita ce 993, ta POP 995, ta fitar da wasiƙa 465 ko 587. Tsofaffin ƙofofi, 143 da 110, a asalinsu buɗe suke: in ba a ƙara musu kulli ba, kalmar sirri da wasiƙa suna tafiya kamar katin gaisuwa marar ambulan, duk wanda ke kan hanya ya iya karantawa. Kullin sunansa TLS, wasu manhajoji kuma har yanzu suna rubuta tsohon sunansa SSL. A 2018 hukumar IETF, mai tsara ƙa'idodin intanet, ta ba da shawarar a daina barin ma'aikaci ya shiga akwatinsa ba tare da kulli ba. Ƙofa ta 25 kuwa ta tsakanin uwayen garke ce, kuma masu ba da layin intanet da yawa sun toshe ta ga sauran jama'a.

Ba kullum ake cika waɗannan da hannu ba. Tun Exchange na 2007, Outlook yana iya nemo saitin da kansa in aka ba shi adireshi da kalmar sirri, Thunderbird ma haka, muddin mai kula ya shirya gidansa. Har ila yau, daga watan Oktoba na 2022 Microsoft ya fara rufe tsohuwar hanyar shiga ta suna da kalmar sirri kawai ga masu haya a wurinsa. A sabuwar hanya, manhaja tana buɗe shafin gidan, ma'aikaci ya shigar da kalmarsa a can, a ba manhajar wani tikiti da za ta riƙa nunawa. Saboda haka tsohuwar manhaja tana iya ƙin shiga alhali kalmar sirri daidai take. Maganinta a sabunta ta.

Babban zaɓi a nan shi ne tsakanin POP da IMAP, kuma a kansa makomar wasiƙun ofis ta rataya. Da POP, ɗan aike yana kwashe akwati ya zube bisa tebur ɗaya. In ba a ce ma manhaja ta bar kwafi ba, ko wa'adin kwafin ya cika, uwar garke ba ta da sauran komi. Wasiƙun da aka aika kuwa a wannan kwamfuta kaɗai suke zama. An so POP a da domin layi yana da tsada da rauni, a sauke a karanta ba tare da shi ba. Amma a ƙasa mai zafi da ƙura, inda wutar kuran ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, kwamfuta ɗaya ba wurin aje tarihin ofis ba ce. Ranar da ta ƙone ko aka sace ta, shi ke nan.

Da IMAP, wasiƙu suna zama a wurin uwar garke, kwamfuta da salula leƙawa suke yi. Wadda aka karanta a ofis za ta nuna an karanta ta a salula, wadda aka aika daga hanyar Maraɗi za a gan ta a tebur a Yamai. Manhajoji na yanzu suna aje kwafi don a yi karatu ko babu layi, ke nan dalilin son POP ya ragu. Sai dai a kiyaye: abin da aka goge a wuri ɗaya ya gogu ko'ina. Don haka tilas mai kula ya riƙa ɗaukar kwafin akwatuna duka yana ajewa a wani wuri dabam, ya kuma riƙa gwada maido da su, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana da rai ba.

Kafin mai saiti ya tashi, a yi gwaji huɗu: ma'aikaci ya aika ma kansa wasiƙa, ya aika ma wani adireshi na waje, a amsa mashi daga can, kana a shiga ta shafin intanet a ga ko wasiƙar da ya aika tana cikin jakar waɗanda aka aika. In ba ta nan, tana kwana a kwamfutarsa kaɗai, sai a gyara tun ranar.

IN ABIN YA ƘI

Yawancin matsaloli ƙanana ne, kuma alamarsu tana faɗin inda suke. In wasiƙa tana shigowa ba ta fita, laifin yana ga hanyar fita: ko lambar ƙofa, ko an manta a gaya ma manhaja cewa uwar garke ta fita ita ma tana neman suna da kalmar sirri. In tana fita ba ta shigowa, a duba ko akwati ya cika. In manhaja tana ta tambayar kalmar sirri, a duba ko an rubuta adireshin duka a gurbin sunan shiga. In akwati yana kulle kansa kowace safiya bayan an canza kalma, galibi akwai wata salula da aka manta da ita, tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon mabuɗi har gidan ya ɗauka ɓarawo ne.

Akwai gargaɗi ɗaya da bai kamata a wuce shi da sauri ba, watau in manhaja ta ce ba ta yarda da takardar shaidar uwar garke ba. Wani lokaci agogon kwamfutar ne ya koma baya saboda ƙaramin batirinta ya mutu. Wani lokaci wa'adin shaidar ne ya ƙare. Wani lokaci kuwa wani ne ya tsaya a hanya yana kwaikwayon gidan. Ma'aikaci ba zai iya bambance su da ido ba, sai ya tsaya ya kira mai kula.

MABUƊI DA MASU NEMANSA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Maris na 2016, John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, ya samu wasiƙa mai kama da ta Google tana cewa ya gaggauta canza kalmar sirrinsa. Shafin da ta kai shi na ƙarya ne. A watan Oktoba na shekarar, dubban wasiƙunsa suka fito fili a shafin WikiLeaks, ana sauran makonni a yi zaɓe. Ba a fasa ƙofa ba, mabuɗi aka roƙa aka samu. Mai kula na gaskiya ba ya tambayar kalmar sirri, ko ta wasiƙa ko ta waya, kuma ya kamata a faɗa ma kowane sabon ma'aikaci haka tun ranar farko.

Kalmar sirri mai kyau doguwa ce, kamar kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, ba sunan ɗa ba, ba ranar haihuwa ba, ba a kuma yin amfani da ita a wani wuri. Ba a liƙa ta jikin kwamfuta. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne mabuɗi na biyu: bayan kalma, gidan ya nemi wata lamba mai canzawa da ke fitowa a salular ma'aikaci. Wanda ya saci kalmar kaɗai ya tsaya a waje. In ba za a iya sa ma kowa ba nan take, a fara da darakta, da sashen kuɗi, da mai kula da kansa.

Wata ɓarnar kuwa ta sojan gona ce. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya kafa kamfani mai suna irin na Quanta Computer ta Taiwan, ya riƙa aika takardun neman biya ta imel, har Google da Facebook suka biya shi fiye da dalar Amurka miliyan 100. Kotu a New York ta ɗaure shi shekara biyar a 2019. In manyan gidajen fasaha sun ruɗu, ƙaramin ofis ba zai ce ya fi ƙarfin ruɗi ba. Duk wasiƙar da ta ce a canza lambar asusun banki, a tabbatar da ita ta waya, da lambar da aka sani tun da can. Ita ma ma'aikata tana da hatimin da za ta buga ma wasiƙunta don kada a yi sojan gona da sunanta. Ana kiran waɗannan ƙa'idodi SPF, DKIM da DMARC, mai kula ne ke saita su sau ɗaya ga gidan duka. Daga watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsananta neman su, har wasiƙar da ba ta da ko ɗaya tana iya dawowa ko ta faɗa kwandon shara.

Ita kanta uwar garke tana bukatar kulawa. A farkon Maris na 2021 Microsoft ya sanar da wasu kafofi huɗu a jikin Exchange, ya fitar da gyara, amma an shiga gidajen dubun dubatar ma'aikatu a duniya. Ma'aikatar da ta zaɓi aje uwar garke a gininta ta ɗauki nauyin sa kowane gyara a kan lokaci. In ba ta da mutumin yin haka, haya ta fi mata.

Wani lokaci kuma babu ɓarawo, yatsa ne ya zame. A watan Yuli na 2023 jaridar Financial Times ta ba da labarin cewa shekara da shekaru miliyoyin wasiƙun da aka nufi sojojin Amurka da su, masu ƙarewa da .mil, suna faɗawa .ml ta Mali saboda baƙi ɗaya da aka tsallake. Tsakanin .ne ta Nijar da .net ma baƙi ɗaya ne. Amfanin littafin adireshi na ma'aikata ke nan, wanda uwar garke ke raba ma kowa: a zaɓi suna, kada a rubuta da ka.

ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Ma'aikacin da ke aikin ofis da akwatinsa na kansa yakan ce ya fi sauƙi, kuma sau da yawa yana da gaskiya: an yi jinkirin buɗe mashi na ofis, ko yana yawan tsayawa, ko ba wanda ya nuna mashi yadda zai sa shi a salula. Laifin farko ke nan na ma'aikata ne. Amma sakamakon yana da nauyi ga kowa. Hillary Clinton, sa'ad da take ministar harkokin wajen Amurka daga 2009 zuwa 2013, ta yi aiki da uwar garke ta gidanta. A ƙarshen 2014 sai da ta miƙa ma ma'aikatar wasiƙu wajen 30,000 da aka buga bisa takarda, maganar kuma ta bi ta har zaɓen 2016. A 2017 kamfanin Yahoo ya bayyana cewa satar da aka yi mashi a 2013 ta shafi akwatunansa duka, miliyar 3. Ofishin da wasiƙunsa ke cikin irin wannan akwati ba shi da ikon canza mabuɗi, ba shi da kwafi, ba shi da hanyar sanin abin da ya fita.

Wasiƙun ofis kuma suna ɗauke da sirrin wasu: albashi, da takardar likita, da farashin ƴan kwangila. A 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. A 2019 kuma aka kafa dokar hukunta laifuffukan intanet, wadda aka yi ma gyare-gyare daga baya. Shugaban da aka tambaya inda bayanan jama'a suke, amsar "suna cikin salular wane" ba za ta fisshe shi ba. Haka nan ya kamata a rubuta ma ma'aikata a fili cewa akwatin ofis na aiki ne, su kai zancen gida can akwatinsu, a kuma rubuta wa ke da ikon buɗe akwatin wani, da wane dalili, da sa hannun wa. Wannan yana kare ma'aikaci daga leƙen banza kamar yadda yake kare ofis.

RANAR MIƘA AIKI

Akwatin da aka buɗe da takarda, da takarda ake rufe shi. Ranar da ma'aikaci ya tashi, ko canji ne ko ritaya ko sallama, mai kula yana dakatar da shigarsa, ya soke tikitin kwamfutoci da salulolin da ke haɗe, ya duba ko akwai umarnin tura wasiƙu zuwa wani adireshi na waje ya cire. Ba ya goge akwatin. Yana sa amsa mai fita da kanta, wadda ke gaya ma masu rubutowa inda za su aika yanzu, ya ba magaji izinin duba wasiƙun aiki bisa umarnin shugaba a rubuce, kana a aje akwatin iyakar wa'adin da ma'aikata ta yanka ma takardunta. Sau biyu a shekara kuma a ɗauko jerin akwatuna a gwada shi da jerin masu albashi. Duk akwatin da ba a san mai shi ba ƙofa ce da aka bari buɗe a bayan gida.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Takardar izini, ƙa'idar suna, IMAP da ƙofa mai kulli, mabuɗi biyu, kwafin ajiya, da rufewa a kan lokaci: tsofaffin sakatarori masu littafin shiga da fita sun san irinsu duka tun kafin a ga kwamfuta a ofis. Abin da ya rage shi ne a ƙara layi ɗaya ga takardar miƙa aiki, ƙarƙashin hatimi da mabuɗan kabad, a rubuta adireshin akwatin da ranar da aka miƙa shi. In an yi haka, ranar da ɗan kwangila ya zo da maganar bara, magaji zai buɗe akwatin ofis ya fito da amsar da kwanan watanta.